RA'AYI: Masu Auna Natsuwa Da Darasin Da Ke Ciki Ga Matasa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shekaru da dama ke nan masana ƙwaƙwalwa a Amurka suka duƙufa wajen neman hanyar da za a auna natsuwar mutum, wato a gane iya tsawon lokacin da zai tsayar da hankalinsa a kan abu guda kafin ya tsere masa. Sakamakon da suka samu abin dubawa ne ga duk matashin da ke kukan ya rasa khushu'i.

A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Habad suka bi diddigin mutane 2,250 ta wayar hannu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Sai aka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, jiki na wuri ɗaya, zuciya na wani wurin.

A 2012 kuma Wendy Hasenkamp da abokan aikinta na Jami'ar Emori suka sa mutane 14, waɗanda suka saba zaman tattara hankali, cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Aka ce su bi numfashinsu na minti 20, kuma duk sa'ad da mutum ya farga hankalinsa ya tafi, ya danna maɓalli. Daga nan aka fitar da matakai huɗu da ke ta juyawa: shagala, farga, dawo da hankali, sannan tsayuwa a kan abin da aka sa gaba. Kowane mataki da sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa a cikinsa. Ke nan gwanaye ma suna shagala, abin da suke horar da kansu a kai shi ne farga da dawowa.

Tun a 2007 masu bincike a Jami'ar Wiskonsin suka gwada mabiya addinin Buda na tsarin Tibet, aka sa su tsura wa ɗigo guda ido. Waɗanda suka yi kimanin awa 19,000 suna horo, sassan lura na ƙwaƙwalwarsu sun fi na sababbin shiga aiki. Amma waɗanda suka kai kimanin awa 44,000, motsin ya ragu, alamar cewa natsuwa ta daina yi musu nauyi. Ashe dai yau da gobe ba ta bar komai ba.

To, wannan ba baƙon zance ba ne ga ɗan Islamiyya. Wanda ya karanta Ahalari ya san babin rafkanuwa, ya san ƙabli da ba'adi. Shari'a ta san zuciyar ɗan Adam mai tserewa ce, shi ya sa ta tanadi gyara. Suratul Mu'minun kuwa khushu'i a salla ta fara lissafawa cikin siffofin muminai masu rabauta, Imam Gazali kuma ya yi dogon bayani a Ihya'u kan halartowar zuciya.

Sai dai a yi hattara. Na'ura tana ganin gudanar jini da motsin lantarki a ƙwaƙwalwa, amma ba ta san wa aka nufa da aikin ba. Maharbi yana natsuwa, ɓarawon da ke fakon ƙofa ma yana natsuwa. Ikhlasi ba shi da ma'auni a ɗakin bincike, don haka kada a yarda da mai tallan da zai ce wani abin ɗaurawa a goshi na iya gaya wa bawa matsayin ibadarsa.

Abin da ya rage ga matasa shi ne aiki. Wanda ya bar wuridinsa saboda waswasi ya yi masa yawa, to ya bar makarantar ne tun yana aji ɗaya. Ya kashe waya tun kafin alwala, ya iso masallaci kafin a tada iƙama, ya koyi ma'anar abin da yake karantawa. In hankali ya tafi sau ashirin, ya dawo da shi sau ashirin, ba tare da yanke ƙauna ba.

Allah Ya sa a dace, amin.