Ra'ayinmu: A Tsare Asalin Hoto

'Yan'uwa ɗalibai, hotunan da muke ɗauka yau su ne tarihin ƙungiyarmu gobe, amma sakaci na neman hallaka su. Sau da yawa ɗalibi yakan gyara hoto a Photoshop, ya ajiye gyaran a kan na asali, alhali hoton JPEG yana rage kyau duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa.

Shawararmu ita ce a yi gyara a kan kwafi, a ƙyale asali. Kowane hoto a sa masa kwanan wata da sunan taro. In za a aika ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi. A kuma ajiye kwafi wani wuri dabam, domin waya takan ɓace. Da-na-sani ƙeya ce.