Wa Ke Biyan Kuɗin Karatun Ƙauye?

Kowace shekara makarantun koyon aikin lafiya kan kwashi ɗalibai su kai ƙauye su yi 'yan makonni, su ƙirga gidaje, su auna yara, su rubuta rahoto. Tsarin ya daɗe. Jami'ar Ibadan ta fara nata a Igbo-Ora tun 1963, kafin taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaga darajar kiwon lafiya a matakin farko. A Arewa ma ɗaliban likitanci na Zariya sun san Yakawada, na Kano sun san Kumbotso. Ɗalibi kan dawo yana cewa idonsa ya buɗe, kuma na yarda da shi. Damuwata ita ce ba a lissafa abin da mutanen gari suka yi asara kafin idon nasa ya buɗe.

Dagaci ya sa a yi shela, magidanci ya baro gona ana tsakiyar noman farko, matar gida ta ajiye surfe. Sai baƙuwar da ba ta kai sa'ar 'yarta ba ta zauna mata a tabarma tana tambaya: haihuwa nawa, ɓari nawa, 'ya'ya nawa suka rasu, ina kuke zagayawa? Maganar da ko kishiya ba a gaya wa, kunyar baƙo ta sa an faɗa. An tono mata mutuwar ɗanta don a cike layi ɗaya a takarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gano cuta a bar ta a nan. Ɗaliba ta naɗa tef a damtsen yaro, ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Ta ce, "Mama, sai ki kai shi asibiti." Daidai ta faɗa. Amma uwar sai maigida ya dawo ya ba da izini, sai an nemo kuɗin acaba zuwa da dawowa, kuma ba mamaki a isa sha-ka-tafi a tarar babu abincin masu tamowa. Dattijon da aka ce jininsa ya haura 140 bisa 90 ya kwana da fargabar da jiya ba shi da ita, ga magani na kullum da ba ya da halin saye. Yara masu fitsarin jini an rubuta musu tsargiya, alhali maganinta, praziquantel, ba wani tsada gare shi ba, da an taho da shi. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, kuma makin jarrabawa lada ne.

Ɗalibin ma yana biya: kuɗin mota, na buga takardu, na abinci, zazzaɓin cizon sauro, yanzu ga fargabar hanya a sassan Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. Idan malami bai cika leƙowa ba, wasu a gindin bishiya suke cike takardunsu, su koyi mummunar ɗabi'a tun kafin su kama aiki. Bayan sun gama kuwa, da yawa hankalinsu na birni ne, ko Saudiyya da Ingila.

Sai kuma amana, wadda ba ta da arha a yankinmu. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 yana cikin abubuwan da aka riƙa tunawa da su sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Garin da aka yi wa tambayoyi bara da bana bai ga komai ba, gobe ma'aikaciyar rigakafi ce za ta tarar da ƙofa a rufe.

Ba cewa nake a daina ba, don likitan da bai taɓa shan ruwan rijiyar ƙauye ba zai yi ta ba da shawarar da ba ta yiwuwa. Amma makaranta ta riƙe gari ɗaya shekara da shekaru, kowane rukuni ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. A ware kuɗin magani da na kai mara lafiya asibiti kafin a ware na man mota. Kafin a ba ɗalibi maki, ya koma ƙofar dagaci ya karanta abin da ya gano da Hausa, a kuma shiga gidaje a gaya wa matan da suka amsa tambayoyin.