Bikin Ƙauye da Kayan Hannu: Raddi ga Masu Ganinsa Koma-Baya

A biranen ƙasar Hausa, daga Kano da Kaduna har Maraɗi da Damagaram, wani ra'ayi ya zauna daram a zukatan iyaye da 'ya'yansu: biki bai amsa sunansa ba sai an kama zauren taro, an yi dina, an fitar da anko kala uku ko huɗu, an jera akwatunan lefe saiti-saiti, an cika ɗakin amarya da kayan Turkiyya ko na Sin. Wanda ya ɗauki bikin 'yarsa ya kai garinsu na asali, aka yi shi a tsakar gida da abin da hannun mutanen garin ya sarrafa, sai a ce ya gaza, ko a ce maƙo ne ya hana shi fita kunya. Wani ra'ayin kuma yana biye da wannan: duk lokacin da tsadar aure ta ishi jama'a, sai a shafa wa al'ada kashin kaji, a ce ita ta hana samari aure. Duka biyun kuskure ne. Abin da ya tsauwala aure saye ne da haya, kuma bikin gargajiya na karkara ya fi kowane irin biki ƙarancin saye da haya.

Hujjar tana farawa daga ɗakin amarya. A tsarin da, ango da abokansa ke gina ɗakin ko gyara shi da gayya, a yi yaɓe, a yi rufi. Mata su taru su yi daɓe, suna dukan ƙasa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba, har daɓen ya yi ƙarfi da sheƙi. Sannan dangin amarya su zo jere. Ƙore masu zane da tasoshi da faya-fayai su hau bango, tabarmin kaba su sauka ƙasa. Randa da tulu da tukwane sun fito daga hannun magina, turmi da taɓarya da akushi da kujerar tsuguno daga masassaƙa, tumtum daga dukawa. Sutura ma haka take: zanen saƙi da gwado da luru daga masaƙa, baƙi mai sheƙi daga marina da mabuga. Waɗannan sana'o'i ba ƙanana ba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, garin Kura ya yi suna da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar su ne ƙashin bayan kasuwancinta. Amaryar da ta shiga ɗakinta da irin wannan kaya ta shiga ne da mafi kyawun abin da ƙasarta ke fitarwa.

Sauran hidimar ma a gida take ƙarewa. Lallen da ake sa wa amarya bayan kamu ganye ne da aka shanya aka daka, a cusa hannu a zunguru, a ƙunshe ƙafa. Gara kuwa, wato alkaki da nakiya da dubulan da man shanu da daddawa da hatsi, gwaggonni da innoni ke kwana suna haɗa ta. Kiɗa na ƙwarya ne a cikin gida, irin amadar da marigayiya Barmani Coge ta shahara da ita, kalangu kuma a dandali. Ba a biyan kuɗin wuri, domin tsakar gida da ƙofar gida da inuwar bishiya ba na haya ba ne.

Ɗaukar nauyin ma yana da tsarinsa. Uwa takan fara tarin kayan ɗaki tun 'yarta tana ƙarama, yau ƙwarya, baɗi tasa, ta yadda nauyin shekara goma ba ya faɗowa a wata guda. Ga gudummawar dangi, ga kuma biki tsakanin mata, inda wadda aka kai wa abu take mayarwa da ƙari ranar da na ƙawarta ya tashi. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, cike yake da bayanin wannan zumunci na ƙawaye da yadda yake riƙe hidimar aure da suna. Tsari ne na bashi marar ruwa, wanda jinginarsa mutunci ne. Kuɗin da aka kashe kuma ba sa nisa: suna hannun maƙeri da masaƙi da mai tukwane, waɗanda gobe su ma za su aurar, su dawo da su.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba. Kayan lefe sun tashi daga kwandon kaba zuwa kwalla, daga kwalla zuwa fantimoti, daga nan zuwa jerin akwatuna. Kwanonin langa da samira suka ture ƙwarya daga bango, tangaran ya zo ya ture su. Gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin gadon kara, shi ma gadon katako da kujerun kushin suka kore shi. Duk da haka, an daɗe ana samun wani kaso na kayan daga cikin gida. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda ta fara aiki a 1957, da takwarorinta na Kaduna da Kano sun tufatar da al'umma shekaru masu yawa. Da masaƙun suka durƙushe, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, lefe ya koma abin da ake lissafinsa da dala. Shi ya sa da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, babu akwatin lefe ko saitin gado da bai ji a jikinsa ba. Tabarmar kaba da randa ma sun ƙara kuɗi, amma kaba da yumɓu ba sa jiran jirgin ruwa.

Nan ne zargin da ake yi wa al'ada yake rushewa. Abin da shari'a ta nema a aure sananne ne: waliyyi, shaidu, siga da sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, sai walima gwargwadon hali. Abin da al'ada ta ƙara shi ne goro da alawa, kamu, lalle, jere, kai amarya, sayen baki, buɗar kai da gara. Idan aka ɗauki takardar kashe kuɗin bikin birni aka bi ta layi-layi, manyan lambobin suna gaban hayar zaure, kamfanin ado, masu dafa abinci, mai kwalliya, masu hoto da bidiyo, mai sa kiɗa, hotunan kafin aure, rigar dina da sabbin kuɗin liƙi. Babu ko ɗaya a ciki da kakannin Bahaushe suka bar masa. Auren gata da gwamnatin Kano ke yi ta hannun Hisba tun 2012, wanda na Oktoban 2023 ya haɗa ma'aurata 1,800, shaida ne ta fuska biyu. Ya nuna aure yana ɗauruwa ba tare da dina ba, ya kuma nuna inda gizo ke saƙar, domin abin da gwamnati ta ɗauke wa iyaye shi ne sadaki da gado da katifa da sauran kayan da sai an shiga kasuwa.

Mafi munin fuskar ra'ayin raina bikin ƙauye ita ce abin da ake kira Ranar Ƙauyawa. Matasan birni su ware yini guda cikin biki, su ɗaura atamfa ba tsari, su yi ɗige-ɗigen kwalli a fuska, su ɗauko rake da ƙwarya, su karya harshe suna kwaikwayon maganar mutanen karkara, a ɗauka a watsa a TikTok. Masu yi suna cewa raya al'ada suke. Raya al'adar da ba ta sa ko sisi a aljihun masaƙi ba, wadda kuma ba ta san bambancin saƙi da luru ba, sunanta ba'a. Matar ƙauye ba ta taɓa zuwa biki a hargitse ba. Ranar ce take fito da mafi tsadar zanenta, ta yi kitso, ta sa kwalli da tsari. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta wannan shagali bisa dalilin kare tarbiyya. Haramcin ya taɓa rawa da cakuɗuwa, amma bai taɓa rainin da ya haifi abin ba. Ya kuma bar tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa 'ya'yan da aka raina a kan kushin suke ɗokin ƙwarya? Akwai ƙishirwar asali a tare da su, kuma tunda an koya musu cewa ainihin abin kunya ne, sai suka nemi jabunsa.

Masu ja da wannan matsayi suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko tsaro. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato an sha tare ayarin masu kai amarya, kuma babu mai hankalin da zai ce a kai taro inda rai ke cikin haɗari. Sai dai yawancin karkarar Kano da Jigawa da wasu wurare da dama ana biki lafiya, kuma inda hanya ba ta biyuwa, tsakar gida a cikin birni ma tana ɗaukar irin wannan biki. Na biyu, ana cewa gasa ba yau aka fara ta ba, tun zamanin tasa da langa mata ke leƙa ɗakin amarya suna ƙirga jere, har tarin kayan ɗaki ya zama dalilin ɗora wa yara mata talla a hana su makaranta. Wannan gaskiya ne, kuma aibi ne da ba a neman dawowarsa. Amma gasar da ta gabata tana barin kaya a ɗaki, waɗanda mace ke sayarwa ranar wata buƙata ko ta gadar wa 'yarta. Gasar dina kuwa tana ƙarewa kafin asuba, a bar uba da bashi. Na uku, ana cewa amaryar yau ba za ta kwana a gadon kara ta dafa abinci a murhu ba. Babu wanda ya nemi haka. Katifa da risho ko tukunyar gas da firji suna da wurinsu. Abin da ake magana a kai shi ne wanda zai ƙera gadon, kafintan Gandun Albasa ko kamfanin da ke Istanbul, da kuma abin da zai ƙawata ɗakin.

Shirya irin wannan biki yana son lokaci fiye da kuɗi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da hatsi ke rumbu, hanya ta bushe, dangi suka huta da aikin gona. Dalilin da ya sa tun asali bukukuwan karkara suke yawaita a rani ke nan. Aikin hannu ba a samunsa a rana ɗaya, don haka tun daga sa rana ya kamata a kai wa masaƙi da marini da masassaƙi da baduku aikinsu, a ba da kafin alƙalami, kuma a biya su farashin da ya dace da wahalarsu, domin mai neman kayan hannu da arhar banza shi ma yana cikin masu kashe sana'ar. Abin da garin ba ya yi ana samunsa a Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ko a kasuwannin mako na karkara. Kafin a sayi sabo, a fara buɗe adakar kaka: tsohuwar tasa, kwanon langa, murjani, zanen saƙi da ya shekara hamsin. Irin waɗannan in an wanke an goge sun fi duk wani adon haya daraja, domin suna da sunan mai su.

Sauran shirin rabon aiki ne. Anko ɗaya ya isa, in ma an ga dole, kuma gara ya zama rinin gida da tela na unguwa zai ɗinka. Abinci a bar wa matan gida da maƙwabta: tuwo da miyar taushe, waina, dambu, fura da nono, kunun zaƙi, a ci a akushi da ƙwarya a kan tabarma. Rumfar zana ko ta kara tana ba da inuwar da ta fi ta tamfol sanyi. Kwanakin biki a taƙaita su ga kamu da lalle, ɗaurin aure da walima, kai amarya da buɗar kai. Hoto da bidiyo ba laifi ba ne, mutum ɗaya mai kyamara ya wadatar. Baƙin birni kuma a tanadar musu masauki da ruwa da makewayi mai tsabta, domin rashin waɗannan ne yake ba masu raina ƙauye abin faɗa.

Nauyin gyaran ya fi hawa kan masu hali. Talaka ba shi ya ƙirƙiro dina ba, kwaikwayo ya yi, kuma ba zai daina ba muddin yana ganin 'ya'yan sarakuna da na attajirai da na 'yan siyasa a zauren taro suke aurarwa. Ranar da mai kuɗin da kowa ya san ba gazawa ya yi ba ya kai bikin 'yarsa garinsu, ya yi mata jere da aikin magina da masaƙan yankin, ranar ce mai ƙaramin ƙarfi zai samu bakin cewa shi ma haka zai yi. Malamai masu wa'azin sauƙaƙa aure su ma ya kamata su riƙa rarrabewa tsakanin al'adar da ke raba nauyi a kan dangi da bidi'ar kasuwa da ke tara shi a kan mutum guda, domin yi musu kuɗin goro yana kashe gudummawa da gayya, ya bar hayar zaure tana nan yadda take.