Rawani a kan hular soja

Duk sojan da ya ƙwaci mulki da bakin bindiga yana da ciwo ɗaya: babu wanda ya zaɓe shi. Idan talakawa suka fara gunaguni, sai ya nemi rawani ya naɗa a kan hular soja. Malamai ƴan'uwana, tarihin Janar Ja'afar Numairi na Sudan ya isa darasi.

Numairi ya hau mulki a watan Mayu na 1969 tare da ƴan gurguzu. A 1971 ya rataye shugabanninsu bayan sun yi yunƙurin kifar da shi. Da bashi ya yi wa ƙasar katutu, abinci ya yi tsada, Kudu ta sake ɗaukar makami, sai a watan Satumba na 1983 ya yi shelar dokokin da ya kira Shari'a. Aka tuttular da giya a kogin Nilu, aka yanke hannuwan matalauta a lokacin da fari da yunwa suke cin Darfur da Kordofan. Sadiƙ al-Mahadi, jikan gidan Mahadi, ya soki dokokin, aka jefa shi kurkuku. Ranar 18 ga Janairu 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Taha, dattijo mai shekara 76, bisa hukuncin ridda, bayan ya rarraba takardar neman a soke dokokin. A watan Maris Numairi ya kama Hasan al-Turabi da jama'arsa, waɗanda suka riƙe masa linzami jiya. A watan Afrilu talakawa suka cika titunan Kartum saboda tsadar burodi, sojojinsa suka tuɓe shi yana ziyara a Amurka.

Wani zai ce ai ko da niyyar shugaba gurɓatacciya ce, addini ya samu ɗaukaka. Ina ɗaukakar? Malaman fiƙihu sun san Halifa Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Numairi bai dakatar ba, domin tsoro yake son shukawa. Yaƙin da ya ruru a zamaninsa ya kai Sudan ga rabuwa a 2011.

Mu ma a Nijar mun ga irin wannan dabara, ko da yake babu jini a cikinta kamar na Sudan. A 1974, shekarar da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani, aka kafa Ƙungiyar Musulunci ta Nijar ƙarƙashin idon gwamnati, domin a san mai hawa mumbari da abin da zai faɗa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Malamin da yake karɓar kujerar hajji da mota daga fada ba ya iya ce wa mai fada ya yi zalunci. Aikinmu a aji da cikin ƙungiyoyinmu shi ne mu koya wa yara su tambayi duk shugaban da ya ɗaga tasbaha: ina kuɗin baitulmali, su wa ke tsare ba shari'a, kuma yaushe zai sauka?