Lissafin Likita Ba Duba Ba Ne

Akwai maganar da muke yawan ji a gidajen makoki, daga Kankia har ƙauyukan Kusada: "Lafiyarsa ƙalau, faɗuwa kawai ya yi." Sai an bi diddigi a ji ashe marigayin ya yi watanni yana kukan ƙirji, ko yana haki in ya ɗan taka, ana ta sayo masa maganin olsa a kemis. A ganinmu, da yawa daga cikin irin wannan rasuwa ba ta shigowa babu sallama. Mu ne ba ma amsawa.

Waɗansunmu suna ƙyamar likita ya ce, "Kana cikin haɗari nan da shekara goma." Suna ganin kamar duba ne, ko mugun baki. Ba haka ba ne. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa, ba boka ba ne. A shekarar 1948 aka fara bin lafiyar mutum sama da 5,000 a garin Framingham na Amurka, shekara da shekaru. Daga nan aka tabbatar cewa hawan jini, shan taba, ciwon suga, yawan kitse a jini da yawan shekaru su ne ke share wa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya. Lissafin likita daga irin wannan ƙidaya ya fito.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jadawalinta na auna wannan haɗari, har da na yankinmu na Afirka ta Yamma. Akwai wanda ba ya bukatar gwajin jini ko kaɗan: shekaru, namiji ne ko mace, yana shan taba ko a'a, awon hawan jini, sai nauyi da tsawo. Wanda lissafinsa ya kai kashi 20 cikin 100, haɗarinsa babba ne, sai a tashi tsaye. Wannan aiki ne na minti kaɗan, kuma a garin da ke da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya kamar Kankia, bai kamata ya gagara ba.

Amma kada mu ɗora wa jadawalin kayan da ba nasa ba. An yi shi ne don 'yan shekara 40 zuwa 74 waɗanda ciwon bai riga ya bayyana a jikinsu ba. Wanda ƙirji ke danne shi in yana aiki, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ba ya iya kwanciya sai ya jingina, ya wuce jadawali. Shi sai likita ya saurari ƙirjinsa, a ɗauki awon bugawar zuciya, in ta kama a tura shi hoton zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Aminu Kano.

Ga kuma waɗanda jadawalin bai ƙirga ba sam: matanmu masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka zargi kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya nuna ciwon ya fi yawa a nan Arewa maso Yamma, ya kuma fi danganta shi da rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jini lokacin goyon ciki. Saboda haka mai jego 'yar shekara 22 da ke haki da kumburi ba gajiyar haihuwa ke damunta ba sai likita ya ce haka.

To, me ya rage mana? Duk wanda ya kai shekara 40 ya san awon jininsa. In ya yi ta kaiwa 140 bisa 90, ya nemi magani, kada kuma ya daina sha don ya ji sauƙi. Mu rage gishiri da dunƙule a miya, gama hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Ƙungiyoyinmu su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini, 'ya'yanmu da suka yi karatun lafiya su riƙa auna mutane suna rubutawa. In aka tura ɗan'uwa Katsina ko Kano, mu tara masa kuɗin mota da na gwaji tun yana tafiya da ƙafarsa. Gudummawar da muke kaiwa ranar makoki, gara mu kai ta ranar asibiti.