A Sanar da Iyaye In An Kama Yaro a Magama

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magama, tashar kan iyaka ta Ƙaramar Hukumar Jibiya, inda ake fita daga Nijeriya a nufi Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar. Ya kuma san yawan yaran da ke neman abinci a wurin: masu talla, 'yan dako, yaran mota da almajirai. An rufe iyakokin ƙasar nan a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta, sanin kowa ne masu fasa-ƙwauri kan ɗora wa yara jarkar fetur ko buhun shinkafa su bi ta ɓarauniyar hanya, su kuwa su koma gefe. In an yi kame, yaron ne ke shiga hannu. Abin tambaya shi ne, wa zai gaya wa iyayensa, kuma yaushe?

Doka ba ta bar wannan ga son ran ma'aikaci ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da ya zaɓa, ya kuma wajabta a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora wa hukumar da ke tsare da mutum nauyin sanar da danginsa, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Game da yara kuwa, sashe na 211 na Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ya ce da zarar an kama yaro a sanar da iyayensa ko mai riƙonsa nan take, in hakan ya faskara to cikin mafi ƙarancin lokaci. Dokar ta kuma ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, bayan duk wata hanya ta toshe. Da yake sai kowace jiha ta yi tata, Jihar Katsina ta kafa Dokar Kare Yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ashe dai ba doka aka rasa ba.

Hikimar wannan tanadi a fili take. Yaro ɗan shekara goma sha uku da aka zaunar shi kaɗai gaban masu kaki zai amsa duk abin da aka ce ya yi, ya dangwala yatsa a kan bayanin da aka rubuta da Turancin da ba ya ji. Uba ko uwa su ne za su tabbatar da shekarunsa, domin kada a ɗauke shi babba a haɗa shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun masu laifi. Su ne za su tsaya masa beli, su nemo lauya, su kuma faɗi wanda ya aike shi da kayan. Ko sulhun da doka ta yarda a yi kan ƙananan laifuffuka ba tare da zuwa kotu ba, ba zai yiwu ba in babu babban da zai karɓi yaron.

Ƙasar nan ta riga ta ga abin da sakaci ke haifarwa. Ran 1 ga Nuwamba, 2024, an gurfanar da yara masu yawa, galibinsu daga Kano da Kaduna, gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan sun yi kusan wata uku a tsare saboda zanga-zangar watan Agusta. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Sai da jama'a suka yi ca kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. In har haka ta faru a gaban 'yan jarida a babban birnin ƙasa, ina ga yaron da aka kama da dare a bakin iyaka?

Ko shakka babu, aikin yana da wuya a Magama. Wani yaron mahaifinsa yana Madarumfa a ƙasar Nijar, wani almajiri ne da iyayensa ke nesa, wani kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, iyalin sun watse. Amma wuyar aiki ba ta kayar da wajibi. Nijeriya da Nijar duka sun amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, kuma yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba baƙon da aka kama damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano. Ban da wannan, Katsina da Maraɗi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai; da wuya dagaci ko sarkin tasha ya kasa gano gidan su yaro cikin yini guda.

Saboda haka ya wajaba kowace hukuma da ke aiki a Magama, 'yan sanda ne, ko kwastan, ko jami'an shige da fice, ta ajiye littafi na musamman da za a rubuta sunan yaro, da lokacin da aka kama shi, da wanda aka sanar, da lokacin da aka sanar da shi. Kada a ɗauki bayanin yaro sai a gaban mahaifi ko mai riƙo. In ba a same su ba, a kira malaminsa ko jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Alƙalai kuma su riƙa fara tambayar ina iyayen yaro kafin a karanta ƙara, su ƙi karɓar bayanin da aka ɗauka a bayan idonsu.

Iyaye ma suna da nasu laifin. Uban da bai yanka wa ɗansa takardar haihuwa ba, ko ya sake shi bakin iyaka bai san inda yake kwana ba, ya taimaka wajen jefa shi cikin wannan hali.

Ba wanda ya ce a ƙyale mai laifi don yana yaro. Manufar shari'ar yara ita ce gyara, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran ba zai samu ba muddin mutanen da za a mayar wa yaron a ƙarshe ba su ma san inda yake ba.