Raddi Ga Mai Kafa Hujja Da Wasan Yaƙi A Kan Jamus Da Rasha

Wata magana ta yaɗu a ƴan shekarun nan tsakanin samarinmu masu karatu a Maraɗi, tun daga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo har zuwa ƴan fada masu raba dare kan tabarma da butar shayi a unguwannin Zariya da Sabon Gari, cewa wasannin yaƙi na kwamfuta da na allo, waɗanda ake kwaikwayon gwabzawar Jamus da Tarayyar Sobiyet a cikinsu, madubi ne na abin da ya auku daga 1941 zuwa 1945. Wani ɗan'uwa malamin makaranta, wanda nake ganin girmansa saboda iliminsa da kyawun hulɗarsa, ya tattara wannan magana a takarda, ya ƙulla ta da da'awa huɗu: cewa wasan gaskiya ne tunda an auna kaurin sulken kowace tanka da nisan kowace igwa, cewa janar-janar ɗin Jamus da suka halarci yaƙin sun shaidi abin da wasan ke nunawa, cewa Rasha ba ta yi galaba ba sai da yawan jama'a da sanyin hunturu, kuma cewa wanda ya ƙware a wasan ya fahimci yaƙin. To, Malam, ga jawabi, kuma ba don raini ba.

Ka ce wasan gaskiya ne saboda ma'auninsa daidai ne. Muka ce, ma'aunin ƙarfe daban, ma'aunin mutum daban. Kaurin sulken tankar T-34 abu ne da kowa zai iya aunawa a gidan tarihi, ba mu da jayayya a kansa. Amma jaruntaka, da biyayya, da saurin fahimtar umurni, waɗannan ba su da sikeli, mai tsara wasan ne ke zama a ɗakinsa ya yanka musu lamba bisa zatonsa. Dubi Squad Leader, wanda John Hill ya tsara, kamfanin Avalon Hill na Amurka ya fitar a 1977, wanda kuma yawancin wasannin da suka biyo baya suka sha daga rijiyarsa: guntun kwalin da ke wakiltar ƙungiyar sojan Jamus an buga masa 4-6-7, na Rasha kuwa 4-4-7, wato tun kafin a jefa ƙwayar ludo ta farko an riga an hukunta cewa harbin Bajamushe ya fi nisa, sa'an nan aka yawaita wa Jamus katunan shugabanni aka ƙaranta wa Rasha. Idan ka buga wasan sau ɗari Jamus ta fi iya motsi, ba ka gano kome ba face abin da aka zuba tun farko. Malaman manɗiƙi sun daɗe da hana a kafa hujja da abin da shi kansa ake neman hujja a kansa, kuma wannan ƙa'ida ba ta faɗi don an ƙera kwamfuta ba.

Ka ce ai lambobin ba daga iska suka zo ba, daga bakin waɗanda suka ga yaƙin ne. A nan ne mas'alar take, kuma a nan zan daɗe. Mu bi isnadin. Bayan an ƙare yaƙi, sojan Amurka suka tara hafsoshin Jamus da ke hannunsu suka sa su rubuta yadda suka yi yaƙi da Rasha, suka ɗora Franz Halder a kan aikin, shi da ya kasance shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Jamus lokacin da aka shirya harin 1941. Ya riƙe wannan aiki har 1961, yana duba abin da ƴan'uwansa suka rubuta kafin ya fita. A cikin waɗannan shekaru Janar Guderian ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa a 1951, Janar Manstein ya fitar da nasa a 1955, aka juya su zuwa Ingilishi, suka zama abin karatun matasan Amurka da Ingila a zamanin da Rasha ta koma abokiyar gaba, taskokin takardunta kuwa suna kulle. Daga cikin waɗannan matasa masu tsara wasanni suka fito, PanzerBlitz na Jim Dunnigan a 1970 da waɗanda suka bi shi. Malaman tarihi biyu, Ronald Smelser da Edward Davies, sun bi wannan silsila dalla-dalla a littafinsu na 2008, har da babin masu wasan yaƙi. Ashe ruwayar duk da yawan rassanta tushenta ɗaya ne, kuma masu ruwayar mutane ne da aka ci da yaƙi, masu bukatar uzuri a gaban jama'arsu, wasunsu masu bukatar kuɓuta daga kotu, domin Manstein kansa kotun sojan Ingila ta same shi da laifukan yaƙi a Hambug a 1949. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali ba ya karɓar shaidar abokin husuma a kan abokin husumarsa, ko ta wanda ke jawo wa kansa amfani da shaidar. Ban ga dalilin da zai sa mu sassauta wa janar abin da ba mu sassauta wa mai ƙarar gona a gaban alƙali ba.

Abin mamaki shi ne mutumin Maraɗi ya faɗa wannan rami, alhali kakanninsa sun ɗanɗana irinsa. Yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a fagen fama, labarinsa a rubuce ya zo mana galibi ta alƙaluman Sakkwato, masu tawada da takarda da Larabci. Labarin wannan gefe kuwa ya zauna a bakin makaɗa da dattawan fada, sai a farkon ƙarni na 20 Landeroin, tafintan ayarin Faransawa na Tilho, ya zo ya ɗauki wani abu daga ciki, daga baya M. G. Smith ya yi bahasi a kan sarautar Ɗan Baskore a Maraɗi. Wanda ya karanta gefe guda kaɗai zai ɗauka an gama da mutanen Gulbi a ranar Gawakuke. To, in haka ne, wa ya kafa Tsibiri bayan yaƙin in ba Sarkin Gobir Mayaƙi da ragowar Gobirawa ba, kuma dawakin wa suka riƙa kaiwa bakin ganuwar Katsina a zamanin Ɗan Baskore? Ba ina cewa malaman Sakkwato sun yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa kowane marubuci daga inda yake tsaye yake hange. A wurinmu wanda ya yi galaba ne ya riƙe alƙalami, a can Turai wanda aka yi galaba a kansa ne ya riga kai labari kasuwa, amma illar guda ce. Da wani zai ƙera wasan Gawakuke daga takardun gefe ɗaya, ya ba barden Maraɗi lamba ƙasa da ta barden Sakkwato, na tabbata, Malam, kai ne za ka fara rubuta masa raddi.

Kada kuma a ce na wanke ruwayar Rasha. Ita ma mai husuma ce. Shekara da shekaru littattafan Mosko suna ba da labarin yaƙin Purokorobka, 12 ga Yuli 1943, a matsayin ranar da aka murƙushe tankokin Jamus, sai da aka buɗe takardu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka ga rundunar Rasha ta Janar Rotmistrov ce ta yi asarar tankoki ninkin-ba-ninkin na abokan gabanta. Harin da janar ɗin Rasha Zhukov ya jagoranta wajen Rizheb a ƙarshen 1942, wanda ya ƙare da hasara mai yawa, kusan shiru aka yi da shi. Na kuma yarda da kai cewa a shekaru biyu na farko ƙananan rundunonin Jamus sun fi ƙwarewa, tankokinsu na da na'urar oba-oba alhali yawancin na Rasha da tuta ake yi musu ishara, kuma a T-34 ta farko kwamanda shi ne mai saita igwa, ido ɗaya aiki biyu. Wannan duk tabbatacce ne. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki hoton 1941 a rataya shi a kan 1944.

Ka ce yawa da hunturu. Game da yawa, ran 22 ga Yuni 1941 Jamus da ƙawayenta sun tsallaka iyaka da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, sojan Rasha da ke lardunan yamma a ranar ba su kai haka ba. Mai rinjayen adadi a farkon yaƙi shi ne wanda kake kira ƴan kaɗan. Game da hunturu kuwa, Halder ya rubuta a kundinsa ran 11 ga Agusta 1941, ana tsakiyar zafi, cewa sun yi lissafin manyan rundunonin Rasha 200 ga shi sun ƙirga 360; kuskuren lissafi ya riga dusar ƙanƙara isowa. Yaƙin Kursk a Yuli aka yi shi. Harin Bagration, wanda ya fi kowane muni a kan Jamus, an buɗe shi a ƙarshen Yuni 1944, cikin makonni kaɗan rundunar tsakiya ta Jamus ta watse, har ran 17 ga Yuli aka ratsa titunan Mosko da fursunoni wajen 57,000. Sojan Jamus da ya ce ya ga goma a kan ɗaya a bakin ramin da yake tsaro bai yi ƙarya ba, sai dai bai san dalili ba: Rashawa sun yaudari leƙen asirin Jamus har ta tara tankokinta a kudu tana jiran hari ta Yukren, su kuwa suna tafiyar dare da fitilu a kashe suna cika dazuzzukan Belarus. Tara goma a inda abokin gaba ya bar ɗaya hikimar yaƙi ce, ita ce ma babbarta. Wasan da gidansa guda mita 40 ne, juyinsa guda minti biyu, ba shi da inda zai sa wannan. Yana fara labari ne bayan an riga an yanke hukunci, ya miƙa maka Bajamushe jarumi da taron Rashawa, ya bar ka da zaton haka Allah ya halicce su.

Haka nan wasan ba ya nuna guzuri. Rundunar da ake yi wa kirari da injuna ta shiga Rasha da dawaki fiye da 600,000 suna jan igwa da abinci, ta tarar da layin dogon Rasha ya fi na Jamus faɗi sai an sake shimfiɗa shi, ta tarar da hanyoyin da ruwan kaka ke mayarwa taɓo. Duk wanda ya taɓa ganin kamyo ya kafe har gindi a fadamar Jiratawa cikin Agusta ya fi mai wasan sanin abin da ya tsayar da Jamus a Oktoban 1941. A wasa kuwa tanka ba ta rasa mai, doki ba ya mutuwa da yunwa. Kuma allon a share yake, babu talaka a kansa: babu ƙauyen Katin na Belarus da aka ƙone da mutanensa 149 a Maris 1943, babu fursunonin Rasha fiye da miliyan 3 da suka mutu a hannun sojan Jamus, babu farar hula da su ne mafi yawa cikin mutum miliyan 27 da Tarayyar Sobiyet ta rasa. Ba na zargin mai wasa da ya bar wannan, wa zai so ya buga shi? Ina zargin mai cewa abin da ya rage bayan an cire wannan shi ne yaƙin. Inda masu wasa suka waiwayi zalunci ma, sau da yawa na gefe guda suka gani, kamar Company of Heroes 2 na 2013, wanda ya cika da hafsoshin Rasha masu harbin nasu, har jama'a suka yi ca, mai rarraba shi a Rasha ya dakatar da sayarwa. Umurnin Stalin mai lamba 227 na Yuli 1942, wanda ya ba da damar irin wannan harbi, gaskiya ne, amma ba shi ne dukan labarin ba.

Saura da'awarka ta ƙarshe, cewa gwanin wasa ya fahimci yaƙi. Dattawan da ke buga dara a gindin bedi, gurbi 30 da ƴaƴa 12 kowane gefe, sun fi ka adalci, don ban taɓa jin wanda ya cinye abokinsa ya ce ya cancanci sarautar Ƙaura ba. Mai dara yana ganin allo duka, ƴaƴansa ba sa tsoro, ba sa ɓata hanya, ba sa jin umurni a karkace, kuma mai wasan kwamfuta haka yake ko da an ɗan rufe masa wani sashe da hazo. Su kansu Jamusawan da suka ƙago wannan fanni sun san da haka. Lokacin da Reisswitz ƙarami ya nuna wasansa ga hafsoshin Purusiya a 1824, ya sa alƙali a tsakani, ƴan wasa ba sa ganin rundunar juna, umurni a rubuce ake miƙa shi, alƙali ne ke faɗin abin da ya isa da abin da ya makara. Manufarsa horar da hafsa yanke shawara cikin duhu, ba yanke hukunci a kan wace al'umma ta fi wata ba. Kuma a Disamba 1940, wata shida kafin harin, hafsoshin Jamus sun buga irin wannan wasa a kan taswirar Rasha ƙarƙashin wani janar mai natsuwa da ƙididdiga, wasan ya nuna musu cewa ƙasar tana ƙara faɗi gabas, rundunarsu za ta yi ƙaranci, guzuri kuma zai yanke tun ba a kai Mosko ba. Manya suka karɓi sakamakon suka ajiye, suka ci gaba da shiri, domin sun riga sun ba sojan Rasha ƙaramar lamba a zukatansu. Janar ɗin da ya gudanar da wasan shi ne Friedrich Paulus, wanda ya miƙa wuya a Stalingrad ran 31 ga Janairu 1943.